Hannun da Sadatu Ta Ƙi Sawa

Argungu,
Tsakiyar watan Fabrairu.

Zuwa ga ƙanena Albashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Rauda da yara, da duk mutanen Gwadangaji. Mu nan sai godiya. Inna ƙafar tata ta yi sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida da sanda.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, mu da rabonmu da haɗuwa tun sunan ɗiyar Kawu Attahiru. Kada ka ce girman kai ne ya hana ni kiranka. Bakina ne a ɗaure. Likitoci sun ɗaure mini muƙamuƙi da zaren ƙarfe, haƙoran sama da na ƙasa a haɗe, kunu ma da bututun roba nake sha. Wayata kuma ta zama gari a kan kwalta.

Ban san yadda labarin ya iso maka ba, don haka ga shi daga wadda abin ya faru da ita. Ka san makarantar da nake koyarwa tana kan hanyar Augie. Shekara da shekaru Kamilu ɗan kabu-kabu ke kai ni a babur ya maido ni. Ranar mun taso daga makaranta, muna hannunmu, daidai inda mata ke ɗinke buhunan albasa a bakin hanya. Wata babbar mota ta taho daga gaba ɗauke da shanshera, shinkafar da ba a casa ba, ta buɗe za ta wuce amalanken shanu, ta shigo hannunmu gaba ɗaya. Kamilu ya sauka daga kwalta ya bar mata hanya, har ƙafata tana goga ciyawa. Duk da haka ta same mu. Abin da na ji na ƙarshe salatinsa ne. Na farka a asibiti, shi kuma an riga an kai shi makwancinsa. Ya bar mata, Salwa, da ɗiya biyu ƙanana.

Motar ta kamfaninku ce, Albashir, kamfanin casar shinkafa da kake wa aiki. Ba na ɗora maka komai, kai awo kake yi a sikeli, ba tuƙi ba. Amma shugabar makarantarmu ta ce irin waɗanga motoci duk suna da inshora, kuma idan sun taka mutum kamfanin inshorar ne ke ɗaukar magani da diyya. Ni ban san ƙofar da ake bi ba, kai kuma kana cikin gari, kana cikin gidan. Ka bincika mini wane kamfani ne, da wa ake gani, da abin da suke so a kawo.

Likita ya ce ɓangaren hagu bai zauna daidai ba, sai an sake aiki a Sakkwato, kuma kada a daɗe ƙashi ya kama a karkace. Abin da nake da shi ya ƙare a aikin farko.

Ka ba Labbo direba amsa a tasha, kullum yana hanya. Ka gaishe da Rauda.

Addarka,
Sadatu.

*

Gwadangaji, Birnin Kebbi,
Ƙarshen watan Fabrairu.

Zuwa ga Adda Sadatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, sai dai ƙaramin yaron da ke fama da mura. Adda, sannu. Rauda ta yi kuka da na karanta mata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne, ya jiƙan Kamilu. Ki gaishe da Inna, ki ce ɗanta na nan tafe idan aiki ya lafa.

Na yi abin da kika sa ni. Na shiga wurin manajanmu, Alhaji Aminullahi, na gaya masa cewa matar da ke bayan babur ɗin 'yar'uwata ce, kakata da kakarta ciki ɗaya. Ya girgiza ƙwarai, ya ce bai sani ba. Nan take ya haɗa ni da jami'in kamfanin inshorar, wani Malam Izzuddeen, mutum mai fara'a da sauƙin kai. Na je ofishinsu, har shayi ya sa anka kawo mini.

Ga abin da ya ce. Naki ba matsala. Ke fasinja ce, ba ki da laifi ko ta wane gefe. Za su biya aikin Sakkwato da wanda anka riga anka yi, har da watannin da za ki yi ba ki aiki. Abin da suke so kawai takardun asibiti, sai wata takardar bayani da za ki sa wa hannu, wadda ta yi daidai da rahoton 'yan sanda. Ya ce ka'ida ce kawai, kowa na sawa.

Na tambayi na iyalin Kamilu. Nan ya ce wanga daban ne, don rahoton ya nuna shi ne ya shiga gaban mota. Na ce ba haka kika rubuto mini ba. Ya ce mutumin da ya suma ba kowane abu yake tunawa daidai ba.

Adda, ni dai shawarata ki fara ceto bakinki. Ke malama ce, da shi kike ci. Idan kin warke sai a ga abin da za a iya yi wa marayun, ko a tsakaninmu ne. Ki ba ni amsa da wuri, manaja ya ce a shirye suke su zo har gida don kada ki wahala.

Ƙanenki,
Albashir.

*

Argungu,
Farkon watan Maris.

Albashir,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba yaron lafiya, a riƙa rufe masa ƙirji da safe. Jikina da sauƙi, sai dai na rame, zanena ma sai na ninka shi.

Na gode da wahalar da ka yi. Ka ce musu su zo. Zan sa hannu a kan abin da ya faru, ba ragi ba ƙari.

Sadatu.

*

Gwadangaji,
Tsakiyar watan Maris.

Adda Sadatu,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki na ƙara sauƙi. Mu muna lafiya.

Adda, mi kika yi haka? Ke kika rubuto da hannunki cewa za ki sa hannu. Na ɗauki takardarki da murna na nuna wa manaja, na ce 'yar'uwata ta yarda. Malam Izzuddeen ya bar aikinsa ya tafi Argungu. Jiya manaja ya kira ni gaban mutane, ya ce ni da danginmu mun mai da su abin wasa, wai kin ɓata musu takarda da biro kin kore su. Na tsaya kamar wanda anka kama da sata.

Shekara tara ina wanga aiki ba a taɓa ɗaga mini murya ba. Ina da mata da ɗiya huɗu, gidan haya nake. Idan ba za ki sa ba, mi ya hana ki gaya mini a fili?

Albashir.

*

Argungu,
Ƙarshen watan Maris.

Ƙanena Albashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Inna na gaishe ka. Ni zafin nan na damun raunin, amma ina nan.

Ka koma ka sake karanta takardata. Na ce zan sa hannu a kan abin da ya faru. Kai ne ka karanta abin da kake son gani. Amma na yi baƙin cikin abin da anka yi maka, kuma da na san za ka kai ta gaban manaja da na ƙara layi biyu.

Ga yadda anka yi. Izzuddeen ya zo da katan ɗin madara, ya zauna a kan tabarma, ya gaishe da Inna kamar ɗanta. Ya miƙo takarda da Turanci, ya nuna mini wurin sa hannu da ɗan yatsa, ya ce, "Nan kawai, Hajiya, kada ki wahal da idonki." Na ɗauka na karanta tun daga sama. A tsakiya an rubuta cewa ni Sadatu na shaida ɗan babur yana gudun ganganci, ya bar hannunsa ya shiga gaban mota. Na ja layi a kan wurin. Na juya bayan takardar na rubuta abin da na rubuto maka, da amalanke da ciyawa da komai, na sa hannu a ƙasa.

Ya duba ya ce, "Hajiya, wanga ba zai shiga ba."

Na rubuta masa a littafin da nake magana da shi, "Shi ne abin da ya faru."

Ya ce rahoton 'yan sanda ba haka ya ce ba. Na rubuta, "Wa anka tambaya?" Ya ce direba. To da ma wa za a tambaya? Ni ina kwance ban san inda nake ba, Kamilu yana cikin likkafani.

Sai ya sassauta murya ya ce, "Ki yi tunani, Hajiya. Wanda ya rasu ya riga ya rasu."

Na rubuta, "Shi ya sa ba zai iya ƙaryata ku ba. Ni zan iya."

Ban kore shi ba. Shi ya tashi, na sa anka bi shi da madararsa.

Akwai abin da ba ka sani ba. Manajanku ya zo ta'aziyya gidan su Kamilu da buhunan shinkafa, kuma mahaifin Kamilu, Malam Hammadu, ya ce sun yafe, sun bar wa Allah. Da ya ji abin da na yi ya aiko mini cewa in daina tono, ɗansa ne ba nawa ba. Na girmama shi, tsoho ne mai ciwo a zuciya. Amma nasa kason na diyya zai iya yafewa. Wa ya ba shi na marayu? Salwa tana ɗaki tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta.

Ni na leƙa. Kuma abin da ya fi yi mini nauyi ke nan, don riƙe hannuna ta yi ta ce, "Malama, ki sa musu. Shi ba ya dawowa. Kada a rasa shi a rasa bakinki." Na yi ta juya maganar har kwana biyu. Amma Albashir, mutumin nan ya sauka daga kwalta don ya cece ni. Ba zan sayi muƙamuƙina da sunansa ba.

Daga yau na sauke maka wanga kaya. Kada ka ƙara zuwa ko'ina da sunana.

Addarka,
Sadatu.

*

Argungu,
Tsakiyar watan Yuni.

Albashir,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Duk sanda Labbo ya dawo sai in aika a tambaye shi, ya ce babu komai. Ruwa ya sauka nan, mutane sun koma fadama. Inna ta gaji da tambayar ranar da ɗanta zai zo.

Na gane. Ka zaɓi sikelinka, kuma ban ce ka yi laifi ba. Amma ko layi ɗaya na "ya jiki" bai ci aikin kowa ba.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka. An kwance mini ƙarfen. Lokacin aikin Sakkwato ya wuce, ƙashin ya kama yadda ya ga dama. Haɓata ta karkace hagu. Ina magana, amma wasu haruffa sun ƙi ni, in na ce "tsuntsu" sai ka ji kamar iska na fita daga taya. Na koma aji. Ranar farko yara sunka yi ta ƙunshe dariya, na ajiye alli na ce su yi ta a fili su gama, sunka yi, ni ma na yi, sannan munka ci gaba da karatu. A gida ne na yi nawa kukan.

Da wanga karkataccen baki na je ofishin 'yan sanda na ce na zo ba da bayani. Wanda na tarar ya saurare ni har ƙarshe, ya rubuta, ya ce in kawo shaida. Na bi matan albasa gida gida. Kowace ta gani, kowace mijinta na sayar wa kamfaninku shanshera. Wata ta ce a lokacin ta sunkuya, wata ta ce rana ce ta haske mata ido. Sai wata tsohuwa, Baiwa, ta ce, "Ni ba ni da miji, ba ni da gona. Mu tahi." Ta je ta faɗa da bakinta, ta dangwala yatsa.

Yanzu abin da ake yaɗawa a gari wai Kamilu ƙwaya ya sha ranar. Kamilu da ko goro ba ya ci.

Ba taimako nake nema ba. Na rubuto ne don kada ka ji a bakin wasu.

Sadatu.

*

Gwadangaji,
Ƙarshen watan Yuni.

Zuwa ga Adda Sadatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Rauda da yara suna gaishe ki. Adda, ya jiki? Na karanta maganar haɓarki na kasa cin abinci.

Ke kika ce kada in ƙara zuwa ko'ina da sunanki. Ni na ɗauka kin yanke ni ne, kin ce ban isa in kira ki 'yar'uwa ba. Sai da wagga takarda ta zo Rauda ta ɗauko waccan ta sake karantawa, ta ce, "Kai dai ba ka iya karatun wasiƙa ba. Aikinka take kare maka." Sau biyu ke nan.

To aikin ma babu shi. Bayan takardarki ta ƙarshen Maris manaja ya sake kira na. Ya ba ni sabuwar takardar bayani, ya ce in kai wa Kawu Attahiru, shi ya sa ki a ɗaki a matsayinsa na babba, tunda ba kya jin maganar ƙanana. Na karɓa na fito. Na tsaya a bakin sikeli na karanta ta, karo na farko da na karanta da idona. Na ga inda anka ce ke kin shaida. Na koma na ajiye masa a kan tebur na ce, "Alhaji, ba ta shaida ba." Ban yi wata jarumta ba. Da wata ya ƙare anka ce an rage ma'aikata, ni kaɗai anka rage.

Kunya ce ta ƙara rufe mini baki. Yanzu ina bin wani mai sayen shanshera zuwa Ambursa, ranar da anka samu a samu.

Amma zaman banza ya yi rana, na yi yawo. Na je wurin malaminmu na unguwa, ban faɗi suna ba, na tambaye shi ko kaka na iya yafe diyyar da ta hau kan marayu. Ya ce ba ya iyawa, ko uwarsu ba ta iyawa. Ya ce in ana so zai rubuta wa Malam Hammadu da kansa cikin ladabi. Sannan na gano akwai hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora, ana kai mata ƙara. Akwai kuma wata lauya, Barista Sa'ida, da ke tsaya wa marasa hali. Na ba ta labari, ta ce tunda an ƙara bayaninki da na Baiwa a wurin 'yan sanda, akwai abin kamawa. Amma ta ce ƙarar iyalin Kamilu ba ke za ki shigar ba, ba ni ba. Sai Salwa.

Ke kika san ta. Idan ta yarda, ku taho, ɗakin Rauda na nan. Idan ba ta yarda ba, kada ki matsa mata, an matsa wa mutane da yawa a wagga magana.

Ƙanenki,
Albashir.

*

Argungu,
Farkon watan Agusta.

Ƙanena Albashir,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya, ko da yake gulbi ya cika har ya fara lasar hanya. Ka yi wa Rauda godiya, tuwon da ta tuƙa mini mai laushi shi ne na farko da na ci ba da cokali ba.

Da munka fito daga ofishin kamfanin inshorar ka yi ta tambaya a cikin keke, ni kuma muƙamuƙin ya gaji, Salwa kuma ba ta magana gaban maza. Ga abin da ya faru bayan an rufe ƙofa an bar ka a waje.

Da farko ka sani ban matsa mata ba. Na karanta mata takardarka na tashi. Ita ce ta same ni bayan ta fita takaba. Ta je kasuwa ranar farko ta ji wata na cewa, "Ga matar ɗan ƙwayar nan." Daga kasuwar gidanmu ta yo, ko kayan miyan ba ta ajiye ba, ta ce, "Malama, yaushe za mu Birnin Kebbi?" Malam Hammadu kuma da takardar malaminku ta iso, ya sa anka karanta masa, ya ce shi dai ya yafe nasa, sauran ba zai hana ba.

A ciki, ban da ni da Salwa da Baiwa da Barista, akwai Izzuddeen, da wani babbansu da ya zo daga hedikwata saboda ƙarar da anka kai. Babban ya fara da Turanci, Barista ta ce a yi Hausa, masu maganar Hausa suke ji. Ya ce bayanai sun saɓa, direba ya ce kaza, ni na ce kaza, kuma ni na bugu a kai. Ya ce don a huta, za su yi mini nawa har da gyaran ƙashi, su kuma ba iyalin wani abu na tausayi, ba tare da an taɓa maganar laifi ba.

Na ce, "A taɓa ta. Don ita munka zo."

Bai ji ni da kyau ba, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sake cewa bai ji ba. Sai Baiwa ta taso daga kujerarta ta ce, "Ni na ji ta, kuma kunnena ya girmi naka. Ta ce a taɓa ta." Ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa a kan teburinsa ta ce wanga kwalta ne. Ta ɗauki kofin shayinsa ta ce mota, ta ɗauki murfin birona ta ce Kamilu. Ta tura kofin har ya sauka daga ɗankwalin ya bi murfin. Ta ce, "In ɗan babur ne ya shiga gabanta, mi ya kai jini cikin albasata?"

Izzuddeen yana ta kallon takalminsa.

Babban ya juya wurin Salwa, ina jin yana ganin nan ne da laushi. Ya ce abin tausayin yau za a iya ba ta, ɗayar hanyar kuwa sai ta ɗauki watanni. Ta ce, "Na iya jira. Yanzu na gama koyo a takaba."

Sun ce za su aiko a sake duba wurin. Barista ta ce kada mu yi murna tukuna.

Addarka,
Sadatu.

*

Argungu,
Ƙarshen watan Nuwamba.

Ƙanena Albashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma kakar bana ta yi muku albarka a Ambursa. Na ji mai gidan naka ya bar maka awon gaba ɗaya, Allah ya ƙara buɗi. Inna ta ce in ka ƙara cewa kana nan tafe ba ka zo ba, za ta hau motar Labbo da sandarta.

An gama. An gyara rahoton, an rubuta cewa mota ce ta bar hannunta. Barista ta kawo mana kwafi, na karanta wa Salwa, ta ce in sake, na sake. Shugaban 'yan kabu-kabu ya karɓa ya karanta wa mutanensa a bakin tasha da ƙarfi, masu shayi da masu kifi duk suna ji.

Nawa ma sun amince. Na je Sakkwato. Likita ya ce yanzu sai an sake karya ƙashin, kuma bai yi alkawarin zai koma yadda yake ba. Na ce zan yi shawara idan an yi hutu. Ba na so ka ɗauka ban damu ba. Ina damuwa duk safiya in na ɗaura ɗankwali gaban madubi. Kai ma ka rasa aikin shekara tara, kuma ban san da mi zan biya ka ba. Amma ko yau anka maido takardar nan, layin nan dai zan ja.

Ranar Talata sunka zo biyan iyalin. Mun zaci a ambulan za a kawo. Sai ga mota biyu a ƙofar gidan Malam Hammadu, da mai ɗaukar hoto, da wani ƙaton kwali mai siffar cek na banki, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, da tambarin kamfani a jiki. Izzuddeen ya fito da fara'arsa, ya ce Salwa ta tsaya a tsakiya ta riƙe gefe ɗaya, yaran su tsaya a gaba, ni kuma in tsaya kusa da shi. Wai za a sa a kalandarsu, mutane su ga suna cika alkawari.

Na buɗe baki zan yi magana, Salwa ta riga ni. Ta tura yaran cikin gida, ta gyara mayafinta, ta ce, "Malam, ka ba Barista takardar kuɗin ta gaskiya. Wanga kuma ka mai da shi mota. Mijina ba kayan talla ba ne."

Ya ce hoto ɗaya ne kawai. Ya dubi Malam Hammadu, yana jiran tsoho ya sa baki. Malam Hammadu yana zaune a kan buzunsa, bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Ka ji abin da tac ce."

Kwalin ya ƙi shiga mota da sauƙi, sai da sunka lanƙwasa shi biyu.

Ka gaishe da Rauda da yara. Ka zo.

Addarka,
Sadatu.